Masu Kewaya Turmi

A shekarar da aka ce jirgin ƙasa ya iso Kano ne Alhaji Ishaƙ ya dawo Tsamiyar Haladu, wani ƙauye da ke arewa da Sule Tankarkar a ƙasar Gumel. Yana saurayi ya bar garin, ya bi mahaifinsa zuwa Makka a ƙafa. Ya dawo da furfura a gemu, yana ɗingisa ƙafar hagu. Mahaifin ya rasu tun a hanyar zuwa, a wani gari cikin Sudan, mahaifiyarsu ma ta daɗe da kwanta dama. Wadda ta rage masa a duniya ita ce ƙanwarsa Hasanatu. Tana 'yar yarinya ya bar ta, ya dawo ya tarar mijinta ya rasu ya bar ta da gona da rumbu biyu da 'ya guda, Lauratu. Ita ta share masa ɗakin da ke kusa da zaure, ta ce nan ne gidansa.

A zamanin nan ba kowa ke zuwa Makka ya dawo ba, don haka mutane suka yi ta tururuwa gaisuwa, kowa da abin da ya ƙulla a ransa. Wani na jiran laya, wata na son maganin haihuwa, tsofaffi na son ruwan Zamzam. Zamzam ɗin 'yar gora ce, ba ta kai ko'ina ba. Sauran kayansa buzu ne da buta da tasbaha da riga ta sauyi. Ba a daɗe ba aka fara cewa a bakin rijiya, ashe Alhaji tafiya kawai ya sha.

Limamin garin, Malam Badaru, abokin wasan ƙasarsa ne. Wata rana da hantsi suka zauna a zauren Liman, ya ɗan taɓa shi da tambayoyin fiƙihu cikin hira, ya gane karatun Ishaƙ yana nan inda ya bar shi. Shi ma Ishaƙ bai ɓoye ba. Ya ce ya yi dako, ya yi ban ruwa a gonakin mutane, ya yi wankau, ta haka ya kai kansa ya kuma komo da kansa. Amma akwai abu ɗaya da ya samo. A Misra ya zauna gidan wani tsohon malamin ilmin taurari, yana yi masa shara da ɗiban ruwa. Malamin yana da wani dogon bututun tagulla mai gilashi a kan soro, da shi yake duba sama, kuma yakan bar barorinsa su leƙa.

"To, me ka gani a ciki?" in ji Liman.

"Na ga tauraron Zuhalu da zobe ya kewaye shi, zoben bai taɓa jikinsa ba. Na ga Mushtari da ƙananan watanni suna biye da shi kamar 'yan tsaki. Malam, ba ɗigon haske ba ne. Duniyoyi ne masu jiki, irin wadda muke zaune a kai."

Liman ya gyara zama. "Mu dai yadda muka karanta, Wata ne a sama ta ɗaya, sai Uɗaridu, sai Zuhra, sai Rana, sai Mirriku, sai Mushtari, Zuhalu yana ta bakwai. Mu kuma muna nan ƙasa muna kallonsu."

"Shi malamina cewa ya yi Rana ce a tsakiya, kowa ita yake kewayawa. Uɗaridu ne kusa da ita, sai Zuhra, mu ne na uku."

"Mu ma tafiya muke yi ke nan?"

"Tafiya muke yi."

Liman ya ɗaga kai ya dubi dangar gidansa da akuyar da ke ɗaure a jikinta, ya yi murmushi. Ya ce, "Wanda ya jera su shi ya san jerinsu. Ba zan ce ka yi ƙarya ba, tunda ban leƙa bututun ba. Amma ka ji shawarata, Alhaji. Kada ka je majalisa ka ce wa manomi gonarsa na yawo. In maganar ta cika maka ciki, ga yara nan. Bayan la'asar ba su da aiki sai langa."

Maganar kuwa ta cika masa ciki. In an cire tsayuwar Arfa, ranar da ya sa ido a bututun nan ce kaɗai ya ji wahalarsa ba ta tashi a banza ba. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da littafin da zai bari a ce na Alhaji ne. Abin da ya mallaka ke nan, yana kuma tsoron kada ya mutu da shi a baki.

Bayan an gama kaka an kai amfanin gona gida, sai ya roƙi Hasanatu wani tsohon turminta da ya tsage. Ya mirgina shi har masussukar da ke bayan gari, ya kafa shi a tsakiya. Yara suka biyo shi don su ga abin da gurgun Alhaji zai daka. Ya ce musu wannan turmi shi ne Rana. Ya ja ƙafa yana zana da'ira da sandarsa, ƙarama kusa da turmin, sai wadda ta fi ta, har ta ƙarshe ta kai gindin tarin ƙaiƙayi. Sa'an nan ya raba musu matsayi. Barau, ɗan mai gari Dogo, yaro ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, shi aka ba Uɗaridu, don Alhaji ya ce shi ne mai saurin cikinsu. Lauratu ta ce ita dai Duniya take so, aka bar mata. Wani ƙaton yaro mai sanyin jiki, Kyauta, shi ya zama Zuhalu, aka fasa tsakiyar tsohon faifai aka zura masa a wuya. Da'ira biyu na can ƙarshe aka sa wasu ƙananan yara biyu.

"Su kuma waɗannan ya sunansu?" Lauratu ta tambaya.

Alhaji ya sosa gemu. Malaminsa ya faɗa masa sunayen, amma sunaye ne na Turawa, ba su zauna a bakinsa ba, hanya kuma ta cinye su. Ya ce, "Na manta. Ba a ganinsu sai da bututu."

Yaran suka raɗa musu Baƙo da Ƙanin Baƙo, sunan ya bi su.

Don kada jerin ya ɓace musu, ya shirya musu 'yar waƙa, suna kewayawa suna yi:

Rana tsaka, uwar garke,
Uɗaridu ɗan goye,
Zuhra tana biye,
Duniya gidanmu ce,
Mirriku jan ido,
Mushtari babban wa,
Zuhalu mai zobe,
Baƙi biyu can baya.

Barau yakan zaga turmin har jiri ya kwashe shi ya faɗi, a yi ta dariya. Kyauta kuwa tafiyarsa yake yi a hankali da faifansa, kamar wanda aka naɗa sarauta. Baƙo da ƙaninsa sau da yawa barci ke ɗaukarsu a jikin ƙaiƙayi, sai an tashi a tashe su. Kafin sanyi ya shiga sosai, babu yaron da bai iya jerin ba, har waɗanda ba a ba su matsayi ba. Mata na jin waƙar a bakin 'yan tallar fura, ba su san ta mece ce ba.

In sun kai magariba a wurin, yakan tsayar da su kafin a kira salla. Ya nuna musu tauraruwar nan mai haske a yamma, wadda suka sani da Zara matar wata, ya ce ita ce Zuhra, kuma ita ɗin ce dai Gamzaki in ta koma fitowa da asuba. Yaran suka ce ina, mace ba ta zama namiji. Ya nuna musu Zuhalu a gabas, kusa da Kaza da 'Ya'yanta. Kyauta ya daɗe yana kallo, ya ce shi bai ga zobe ba. Barau ya ce a nuna masa Mirriku, don yana son ya ga jan idon.

"Bana ya ɓuya a bayan Rana," in ji Alhaji. "In Allah ya kai mu sanyin baɗi zai fito, ni da kaina zan zo in kira ka."

Lauratu ce mai ƙure shi. Wata rana suna komawa gida, tana ɗauke da tulu, ta ce, "Kawu, in da gaske Duniya gudu take yi, me ya hana ruwan nan zubewa?"

Suka ci gaba da tafiya. Ya tuna malaminsa ya taɓa yin wani bayani a kan haka, amma da Larabci mai zurfi, shi kuwa yana riƙe da tsintsiya a lokacin. Ya ce, "Ban sani ba, Lauratu."

"To wa ya sani?"

"Suna can Misra."

Ta ce in ta girma za ta je ta tambayo. Hasanatu da ta ji maganar a tsakar gida ta yi dariya, ta miƙa masa akushin tuwo, ta ce, "Yaya, da rubutun sha ka koyo, da yanzu ana kawo mana ƙwaryar gero. Ka je ka koyo abin da ba a sa wa a miya." Wasa take yi, shi ma ya yi dariya, amma ya san tuwon da ke hannunsa daga guminta ya fito.

Damina ta zo da ruwan farko mai kyau, kowa ya fita ya yi shuka. Gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Shukar ta ƙone a tsaye. Aka koma rumbu aka ɗebi iri aka yi binne, aka jira. Yayyafi ya sauka wanda bai wuce ya ruɓar da irin ba. Kullum da yamma hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mata su kwashe shanya, sai a ga ya rabu biyu ya bi gefen gari ya wuce. Aka fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, har da dabbobi. Aka dawo da rana a ka.

Wata safiya mai gari Dogo ya yi sallama a zauren Hasanatu, da dattawa biyu a bayansa. Bayan gaisuwa ya ce, "Allah gafarta Malam, mun zo ne ka duba mana. An ce ka san taurari ciki da bai. Irin da ya rage mana kaɗan ne. Mu sake shuka ne, ko mu riƙe mu ci?"

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na sani shi ne jerinsu, wanne ke gaba wanne ke baya. Ba su gaya mini ranar ruwa. Wannan sai Allah."

"Ba wai mun ce ka saukar da shi ba. Ka dai duba."

"Ko na duba ba zan ga komai ba. In na ce muku wani abu, ƙarya na yi."

Dogo ya dubi dattawan, ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce, "To amfanin sanin me ke nan?" Bai jira amsa ba, ya fita.

Ba a san bakin da maganar ta fara fitowa ba. An dai wayi gari ana cewa tun da aka kafa turmi a bayan gari yara na kewaya shi, shi ya sa hadari ma ya koyi kewaya gari. Wasu suka ce ai wasan ba na Musulmi ba ne, daga gidan masu bututu aka kwaso shi. Dogo ya zane Barau da ya ji yana waƙar a bakin rijiya. Wasu samari suka je masussukar suka faskara turmin, suka share zanen da reshen ƙaya.

Liman Badaru ya yi magana a masallaci. Ya ce fatake sun zo daga Maigatari sun ce can ma haka ne, Gagarawa ma haka, har Damagaram, kuma duk wuraren nan ba wanda ya kafa turmi. Mutane ba su yi masa musu ba don girmansa. Amma da suka keɓe da Alhaji, ya dafa shi ya ce, "Ka bari haka nan. Mai jin yunwa ba ya jin hujja."

Ya bari. Ya san wasan yara ba ya juya hadari. Duk da haka, ranar da wani hadarin ya sake tasowa ya rabu a kan garin, yana tsaye a gonar Hasanatu da fartanya a hannu, sai da ya kama istigfari bai san na mene ne ba.

Kakar shekarar ba a ji ƙarar sussuka ba. Abin da aka yanko daga gonaki kara ne da zangarniya marar ido. Wannan ita ce yunwar da daga baya aka raɗa wa Kakalaba. Mutanen arewa ne suka fara wucewa ta bakin garin, iyali iyali, da jakuna marasa kaya, suna nufin kudu. Da fari ana ba su ruwa da ɗan gumba, daga baya sai ruwa kawai. Rumbun Hasanatu na farko ya ƙare, aka buɗe na biyu, shi ma ashe shuka biyu ta ci rabinsa. Aka koma cin dusa. Da dusa ta ƙare aka shiga daji. Ana kakkaɓo 'ya'yan ƙarangiya a daka, ana tsinko ganyen aduwa, ana jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Alhaji yakan ja ƙafarsa da sassafe ya je tonon gidan tururuwa, ya yini yana haƙa, ya dawo da hatsin da bai cika tafin hannu biyu ba, rabinsa ƙasa.

Ya lura Hasanatu takan zuba masa da Lauratu, ita ta ce ta ci a wurin tuƙi. Wata rana ya tura mata akushin ya ce ya ƙoshi. Ta turo masa. Ya sake turawa. Ta ce, "Yaya, kada ka sa mu yi abin kunya a gaban yarinya." Suka raba, ba wanda ya dubi wani.

Cikin yaran masussuka Kyauta ne ya fara tafiya. Jikin nan nasa ya zube, ƙafafunsa suka kumbura, ya kwanta bai tashi ba. Alhaji na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, bai ji nauyin komai a kafaɗarsa ba. Bayan shi aka rasa ƙaramin nan da suke kira Ƙanin Baƙo. Sauran kuma iyayensu suka kwashe su suka bi hanyar kudu, wasu da sallama, wasu sai dai a ga zaure a buɗe.

Da sanyi ya tsananta, wata magariba Alhaji ya fito alwala ya ɗaga kai, sai ga Mirriku a gabas, ja wur, ya fi duk na kusa da shi haske. Ya daɗe tsaye da buta a hannu. Ya san ba lokacin wannan magana ba ne. Amma alkawari ya yi, kuma a duk garin abin da ya rage yana iya cikawa ke nan. Bayan an idar da salla ya nufi gidan mai gari ya yi sallama.

Dogo ya fito, rigarsa ta yi masa yawa. Alhaji ya faɗi abin da ya kawo shi, yana jiran a kore shi. Dogo ya dube shi kawai, ya shiga ciki, ya fito ɗauke da Barau a kafaɗa, ya zaunar da shi a dakalin ƙofar gida. Yaron nan mai gudu ya koma kai da gwiwa.

Alhaji ya tsuguna kusa da shi ya miƙa hannu. "Ga shi can, Barau, bisa kan kukar nan. Ka ga jan idon?"

Yaron ya juya fuska inda ya ji muryar, ya buɗe ido sosai. Ya ce, "Alhaji, ni in rana ta faɗi ba na ganin komai."

"Dundumi ne," in ji Dogo. "Duk yaran gidan haka suke yanzu."

Alhaji ya sauke hannunsa. Barau ya laluba ya kama bakin rigarsa, ya tambaye shi ko ya zo da wani abu. Ba shi da komai. Dogo ya ɗaga kai ya dubi tauraron, ya ce, "Jan nan nasa, na jini ne ko?"

"A'a. Haka launinsa yake. Hanyarsa kawai yake bi."

"To. Mu ma gobe za mu bi tamu." Ya saɓi ɗansa ya shige gida.

Hasanatu ta daure har bazara, don ba ta son barin gonar mijinta. Ranar da ta share gindin rumbu da tsintsiya ba ta sami abin da zai rufe tafin hannu ba, ta ce su tashi. Mijinta yana da ƙane a Gagarawa, sunansa Ɗantsoho, ta ce ko ba komai ba zai ƙi 'yar wansa ba. Alhaji ya je yi wa Liman sallama, ya same shi zaune a buzu ya jingina da bango. Ya ce masa ya zo su tafi tare. Liman ya ce, "In na tafi, wa zai sallaci waɗanda ba su iya tafiya? Ku je, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri."

Suka bi hanyar Gumel cikin ayarin mutanen da ba su san juna ba. Sukan yi tafiya da sanyin safiya, in rana ta take su nemi inuwa. Lauratu, wadda da bakinta ba ya hutawa, ta koma bin uwarta a baya tana riƙe da gefen zanenta. A Gumel suka tarar da mutane zube a gindin ganuwa da bakin kasuwa, sun fi na cikin gari yawa. Wata mata ta ba Lauratu ɗan kunu a ludayi. Suka wuce.

Tsakanin Gumel da Gagarawa Hasanatu ta zauna a gindin wata aduwa ta ce za ta ɗan huta. Da rana ta yi sanyi Alhaji ya ce su tashi, ta yunƙura ta kasa. Ya ce zai goya ta. Ta dubi ƙafarsa ta girgiza kai. Ya bar su ya shiga daji neman abin da za a sa a baki, ya dawo da ƙwallon goriba guda biyu da wani ya riga ya gwaguye. Ta ce a ba yarinya. Suka kwana a nan. Da gari ya waye ta kira shi kusa, muryarta ta dushe.

"Yaya, ka kai ta hannun baffanta. Kada ka tsaya ko'ina."

"Zan kai ta."

"Ka yafe mini maganar miya da na yi maka."

"Ba ki yi mini komai ba, Hasana. Ni ne na zo na zauna miki a kan rumbu."

Ta ɗan motsa hannu kamar mai korar ƙuda, ba ta ƙara magana ba. Kafin azahar ta cika. Wasu matafiya mata biyu suka taimaka suka yi mata sutura da zanenta, mazansu suka taya shi haƙa da guntun fartanya. Ramin bai yi zurfi ba, ƙarfinsu iyakarsa ke nan. Ya yi mata salla, suka jawo ƙaya suka rufa a kai. Lauratu na tsaye tana kallo, ba ta yi kuka ba. Ya kama hannunta suka ci gaba.

Sun sami Ɗantsoho yana ɗaure kaya, shi ma zai kwashe iyalinsa su gangara wajen fadamun kudu. Ya ji labari ya yi salati, ya jawo Lauratu jikinsa ya ce 'yarsa ce. Sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ka ga yadda muke. Yarinya dai jinina ce, dole ne. Amma babban mutum..." Alhaji ya ce ya gane, ai ba zama ya zo yi ba.

Matar Ɗantsoho ta kawo wa Lauratu kunun dusa a ƙoƙo. Alhaji ya tsuguna a gabanta, yana son ya ce mata wani abu da za ta riƙe. Ya ce, "Lauratu, zan koma." Ta riƙe ƙoƙon da hannu biyu tana sha, ba ta ɗago ba. Ya jira har ta shanye ta lashe gefen. Ta miƙa wa matar ƙoƙon tana kallon tukunya. Ya sa mata albarka ya fita.

Yadda ya rayu a watannin da suka biyo baya, shi kansa bai iya ba da labarinsa daidai ba. Ya zauna a Gumel cikin masu haƙa kabari, ana ba su abin da ya samu. Da ruwa ya sauka ya tsaya, tafasa ta tsiro a ko'ina, ya kama hanyar Tsamiyar Haladu. Ya tarar da gidaje da yawa danga ta faɗi, ciyawa ta fito a tsakar gida. Liman Badaru ya rasu tun kafin ruwan farko. Waɗanda suka dawo ba su kai rabin garin ba. Dogo ya dawo da matarsa ɗaya da 'yarsa, babu Barau. Da suka haɗu a ƙofar masallaci suka gaisa, kowa ya yi wa ɗan'uwansa ta'aziyya, ba su ƙara komai a kai ba.

Da yake babu wani mai karatu da ya rage, shi aka tura gaba ya ja salla. Haka ya zama limamin garin, yana raɗa suna, yana ɗaura aure, yana biya wa 'yan yaran da suka rage Fatiha da ƙananan surori. Sau ɗaya, bayan shekara biyu, ranar da yaran suka gama karatu da wuri, ya ɗauki tsinke ya fara zana musu da'ira a ƙasa a ƙofar masallaci. Bai kai ta uku ba uwar ɗaya daga cikinsu ta zo wucewa da itace a ka. Ta tsaya ta duba. Ta gaishe shi da ladabi, ta kama hannun ɗanta ta tafi da shi. Ya shafe zanen da tafin hannunsa, ya ce wa sauran su tashi su tafi gida.

Yakan tambayi fatake labarin Ɗantsoho. Wani ya ce ya gan su wajen Ringim, wani ya ce a'a, sun wuce gaba. Ba wanda ya iya ce masa ko akwai yarinya a tare da su.

Gonar Hasanatu ta fi ƙarfinsa. Yakan nome gefen da ke kusa da hanya, ragowar sabara da kalgo suka cinye ta. A shekarar annobar murar nan da aka kira marisuwa ya kwanta, bai daɗe ba ya rasu. Dogo ne ya yi masa wanka, aka aika Sule Tankarkar neman wanda zai yi masa salla.